Matakala Ɗari da Goma Sha Bakwai

Daga ƙofar gidanmu zuwa inda motar makaranta ke tsayawa
matakala ɗari da goma sha bakwai ne.
Ban taɓa ganinsu a jere ba, ƙafata ce ta ƙirga.
Ta arba'in da biyu tana da giɓi
kamar bakin kakata Orfelia in ta yi dariya.

Sun ce Valparaíso gari ne da aka rataye a jikin tudu,
gida kan gida, kowanne da launinsa.
Ni dai ta gefen ido yake shigo mini,
ja ya narke cikin shuɗi, shuɗi ya gangara teku.
A tsakiya kuwa, inda fuskar mutum ke zama,
wani ɗan gajimare ya yi kaka-gida.
Duk inda na juya, ya riga ni isa.

Shi ya sa nake kallo a karkace.
In ina son ganinka, kafaɗarka zan duba.
Don Nibaldo mai burodi ya ce wa mamata,
"Yarinyar nan harara gare ta."
Matar da ke shanya a saman bene ta ce girman kai ne,
sau uku tana ɗaga mini hannu, ban amsa ba.
Ina ma hannu yana da murya.

A aji kujerata na gaba, har ina shaƙar alli.
Harafin littafina ya kai ƙwayar wake.
In na kai hanci kan takarda
sai Ximena ta ce, "Millaray na sunsuna lissafi."
Aji ya kwashe. Ni ma in yi,
don dariya ta fi sauƙin ɗauka zuwa gida.

Ranar da na fara zuwa da farar sanda
aka yi tsit, kamar an shigo da gawa.
Kowa ya dare, har ƙaramin aji na tausaya mini.
Washegari tsabar kuɗi ta yi ƙyalli a gefen idona,
na duƙa na ɗauka.
Baltasar ya daka tsalle: "Ashe ƙarya take, tana gani!"
Na tsaya, sanda a dama, kuɗi a hagu,
na rasa wanne zan ɓoye.
Jemage ke nan, tsuntsaye sun ƙi shi,
ɓeraye ma sun ce ba nasu ba ne.

Babana bai taɓa ɗaga yatsu ya ce "nawa ne?" ba.
In ya dawo daga ruwa, jikinsa duk gishiri da ƙarni,
sai ya jefo mini bakin koma a cinya.
"Nemo mini inda ta yage."
In bi zare da yatsa, ƙulli bayan ƙulli,
shi yana ɗinki, rediyo na ta surutun ƙwallo.
A nan ba wanda ke rage murya saboda ni.

Wata Alhamis, ana yayyafi, Ximena ta biyo ni.
A ta ashirin ta ce, "To ni yaya kike ganina?"
Na ce, "Jar riga. Ƙamshin ɓawon lemo.
Da takalmin hagu mai kuka, tun daga zango nakan san ke ce."
Ta yi shiru har ta talatin da biyar.
"Na yayata ne," in ji ta. "Ya yi mini yawa.
Jarida nake cusawa. Kar ki faɗa."

Ban ce zan faɗa ba, ban ce ba zan faɗa ba.
Ruwa na ɗiga daga kan kwano, jirgi na kuka a tasha.
Na buga sanda sau biyu a kan siminti.
"Ɗaga ƙafa," na ce mata,
"ta gaba tana da giɓi."